Faifan Bikin Yaya

Saura kwana tara matar Yaya ta fita takaba, kwamfutata ta tsiro da wani sabon iskanci. Gidan faifanta, wato 'yar durowar nan da ke fitowa ta gefe a ɗora mata faifai, yau yana nan, gobe babu shi. Ba faɗuwa ya yi ba, ga shi ina ganinsa da idona, ina taɓa shi da yatsa. Amma in na kunna na duba ciki, sai kwamfutar ta nuna mini ita fa ba ta san da zamansa ba. In danna ɗan maɓallinsa, shiru. In sake dannawa, shiru. Ni kuwa dama Allah bai hore mini haƙuri ba, kowa a gidanmu na Gada Biyu ya san da haka.

Ga abin da ya ɗaga mini hankali. Yaya shi ne babbanmu, dillalin kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. Ya bi motar kaya zuwa kudu, motar ta kife a hanya, sai gawarsa aka kawo mana. Shekara ɗaya da rabi da aurensa, Allah bai ba su haihuwa ba. Hotunansa muna da su, amma inda za ka gan shi yana motsi, ka ji muryarsa, wuri ɗaya ne tak ya rage: faifan bidiyon bikinsa. Wayarsa ta tafi a hatsarin. Wanda ya ɗauki bidiyon ya daɗe da rufe shago ya bar gari. Faifan kuma na matarsa ne, wadda nake kira Anti, kuma ranar da ta fita takaba kawunnanta za su zo daga Gombe su tafi da ita. In ban kwafe shi kafin ranar ba, shi ke nan, muryar Yaya ta bar gidanmu.

Na roƙi Anti ta ba ni in kai shago a kwafa. Ta girgiza kai.

"Ki yi haƙuri. Faifan nan ba zai ƙetare ƙofar gida ba. Duk abin da za ki yi da shi, ki yi a nan."

Na yi ta ƙunƙuni, amma a raina na san tana da gaskiya. Ta taɓa kai hotunan iyayenta a wanke mata, aka ɓatar. Na'urar kallon faifai ta gidanmu ta mutu tun da daɗewa, maƙwabta kuwa na zagaya gida huɗu, kowa sai ya yi mini dariya ya ce wa ke kallon faifai yanzu. Saura kwamfutata, ta hannu ce na saya, batirinta ya mutu murus. Da an ɗauke wuta take ɗaukewa. Ke nan abu biyu nake fatan su haɗu a lokaci guda, wuta da gidan faifai.

Ranar farko sun haɗu. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na tarar da wuta, na saka faifai, na ji yana juyawa. Kwafa ta kai rabi aka ɗauke wuta. Na ce ba komai, gobe ma rana ce. Na tsikari durowar da allura ta buɗe, na mayar da faifan cikin kwalinsa na ajiye a kan teburin ɗakina kusa da kwamfutar.

Washegari na dawo, ga wuta tar, na kunna ko mayafi ban cire ba. Babu gidan faifai. Na kashe na kunna. Na sake kashewa na kunna, har sau shida. Na ɗauki waya na shiga bincike, aka ce in shiga jerin kayan cikin kwamfutar in duba ko sunansa na nan. Na shiga, ga linzami, ga sifika, ga komai da komai, shi kaɗai ne babu. Aka ce in shiga wani baƙin allo da ke fitowa kafin ta gama tashi. Na shiga da kyar, bayan na kusa fasa maɓalli, can ma babu shi. Na hura masa iska da baki. Na ɗan bubbuga ta. Wallahi har magana na yi mata, na ce ke wace irin annamimiya ce?

A ɗakin malamai kowa ya zama likita. Wannan ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta. Wata ta ce a goge komai a sake zubawa. Malamin lissafi ya ce sanyin Jos ne, ƙarfe yana tsukewa in ya ji sanyi, ga shi damina ta yi nisa, kwana uku ba a ga rana ba. Kada ku yi mini dariya, na naɗe kwamfuta da bargo kamar jaririya. Da rana ta leƙo na shanya ta a baranda. Abin haushin, da yammar nan na kunna sai ga gidan faifai ya bayyana, na yi tsalle na ce malamin lissafi ya cika malami. Ina ɗauko faifai aka ɗauke wuta. Washegari ga wuta, ga bargo, ga rana, babu gidan faifai. Kai! Na zauna a ƙasa na riƙe kai.

Duk wannan abin da ake yi, Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana tsintar wake. Takan ɗago ta ce, "Har yanzu injin naki bai yi ba?" In ce bai yi ba. Ta ce, "To," ta mayar da kai.

Inna irin mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, sai dai "yayanku" ko "wancan". In ya shigo gaishe ta, gefe take kallo tana amsawa. Ranar walimar bikinsa gidan maƙwabta ta gudu ta wuni. Da aka kawo faifan, gida ya cika ana kallo ana shewa, ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Ko da ya rasu, ban ga hawayenta ba. Tana zaune da carbi tana amsa gaisuwa, ita ce ma ke ba mutane haƙuri. Na san al'ada ce, na tashi na gan ta, amma a kwanakin nan abin ya tsaya mini a wuya. Ina ganin ni kaɗai ce ke ƙonewa a gidan.

Ranar da ta ce mini, "Ki bar wahalar da kanki haka, kin bi kin rame," sai bakina ya kuɓuce.

"Haba Inna! Ke dai ba ruwanki ko? Ɗanki ne fa! In faifan nan ya tafi, ko muryarsa ba za ki ƙara ji ba, kuma ko a jikinki!"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Allah ya shirye ki." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na shige ɗaki ina huci, ina jin kunyar abin da na faɗa, kuma ban fasa jin haushi ba.

Saura kwana biyar na rungumi kwamfutar na hau Keke mai ƙafa uku zuwa Kwararafa. Akwai wani mai gyara a can, Inyamuri ne, a Jos aka haife shi, kowa Oga yake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami, cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya matse gefe da gefe ya ɗora a tebur, ya tayar da janareta, ya kunna. Ya danna maɓalli. Tiren ya fito salin-alin.

"Malama, wannan kwamfuta lafiya lau. Duba, ya buɗe."

"Wallahi a gida ba ya buɗewa."

"To a nan yana buɗewa."

Ya saka faifansa na waƙoƙin coci, waƙa ta tashi ras. Na ji kamar in nutse. Don dai kada in tafi hannu rabbana, ya ce bari ya cire abin da suke kira direba, wato ɗan umarnin da ke haɗa kwamfuta da gidan faifai, ya sake zuba sabo. Ya yi, ya kashe ya kunna sau uku a gabana, kowane karo yana nan. Na roƙe shi ya ara mini ƙaramin janareta, ya ce shi ke nan gare shi. Na dawo gida da murnata, na tarar babu wuta, kuma ba a kawo ba har gari ya waye.

Washegari a aji jikina ne kawai ke gaban allo. Na rubuta kwanan wata ba daidai ba, ɗalibai suka gyara mini. Ana tashi na fita ko sallama ban yi wa kowa ba. Tun daga bakin layi na hango ƙwan shagon mai niƙa a kunne, na ƙara sauri, na tsallake kwata, na faɗa ɗaki na kunna.

Babu.

Ban ci abinci ba na koma Kwararafa. Abin da na faɗa wa bawan Allahn nan ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ya yaudare ni, na ce irinsu ne ke lalata wa mutane kaya don a yi ta dawowa. Maƙwabtan shagonsa suka fara leƙowa. Shi kuwa ya karɓe ta yadda ya saba, ya matse ya ajiye ya kunna, tire ya fito. Ya naɗe hannu ya dube ni.

"Malama, ka gama?"

Na harare shi.

"Ni ban cuce ka ba. Tambaya ɗaya zan yi. Akwai wani yana taɓa shi a gida?"

"Wa zai taɓa? Babu yaro ko ɗaya a gidanmu. Daga tsohuwa sai mai takaba."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce akwai irin gidan faifan da ake jonawa ta waje da waya, amma nasa sun ƙare, sai mako mai zuwa kaya za su iso daga Legas. Mako mai zuwa! Na zagaya shaguna uku a layin, babu. Na dawo gida, wuta ta riga ta tafi. Na leƙa ɗakin Anti na ga ta fara ninke kaya tana jerawa a akwati.

Saura kwana biyu. Ranar na kasa zama a makaranta. Tun da safe nake leƙen taga, ina ƙiyasta ko an kawo wuta a unguwarmu. Da aka fita tara na ce kaina na ciwo, na ɗauki jaka. Ina sauka daga Keke ruwa ya kece, irin mai dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Na ruga zaure, na yi sallama, ruwa ya haɗiye ta. Tsakar gida ba kowa, tabarma a naɗe. Na nufi ɗakina, na kai hannu zan ɗaga labule, sai na hango ƙafa a bakin gadona.

Inna ce. Kwamfutar tana kan cinyarta, a buɗe, allon baƙi ƙirin don ba a kunne take ba. Kwalin faifan yana gefenta. Ta danna maɓallin tiren, ta jira. Ta sake dannawa, ta kara kunne. Sai ta zaro ƙaramin cokalin shayi daga bakin zaninta, ta saka gindinsa a tsagar gefen, leɓunanta suna motsi, na san bisimilla take yi. Ta ɓanɓara a hankali. Tiren bai buɗe ba, sai gidan faifan gaba ɗayansa ya zamo waje kamar faɗin yatsa. Ta leƙa tsagar, ta ɗauko faifan da hannu biyu, ta gwada ta nan, ta gwada ta can, bai shiga ba. Ta daɗe tana kallon hoton da ke jikin kwalin, inda Yaya yake sanye da babbar riga. Daga nan ta mayar da faifan, ta tura gidan da tafin hannu, ta goge kwamfutar da gefen mayafinta don kada a ga sawun yatsa.

Ashe kullum haka take yi in na tafi makaranta. Wata rana turawar ta kai ciki, wata rana ba ta kai ba. Ni kuwa ina can ina naɗe ƙarfe da bargo, ina zagin mutum a gaban shagonsa.

Na ja da baya da sanɗa har zaure. Na tsaya ruwa yana fantsamo mini, na yi kuka mai isata. Maganar da na faɗa mata ita ta fi cina. Da na ga ruwan ya tsagaita, na share fuska, na buga ƙyauren da ƙarfi, na rangaɗa sallama kamar mai talla. Na same ta a baranda da farantin wake a gaba.

"Yau da wuri?"

"Kaina ke ciwo, Inna."

"Ai dole. Kin hana kanki sakat."

Na kawar da kai na wuce.

A ɗaki na kifa kwamfutar, abin da ban taɓa yi ba duk tsawon kwanakin nan. Daidai bayan gidan faifan akwai wani ɗan rami, ga zanen faifai a kusa da shi, ramin fayau. Duk sauran ramukan da sukuru a ciki, shi kaɗai ne babu. Wanda ya sayar mini ko wani kafin shi ya kwance bai mayar ba. Da akwai sukurun nan, ko da tabarya Inna ta zo ba zai motsa ba.

Na koma Kwararafa karo na uku, ina tafe ina jin nauyin haɗa ido da Oga. Na kifa masa ita a tebur na nuna ramin. Ya dafe goshi.

"Kai! Ni ma ban duba ƙasa ba. Amma wannan ba ya fita da kansa, sai an ja. Wa ya ja?"

"Ni ce," na ce. "In ya ƙi buɗewa sai in ɓanɓara da cokali."

"Cokali! Malama! Kuma kana koyar da yara!"

Ya yi ta dariya har da buga tebur, ya kira maƙwabcinsa ya ba shi labari. Na tsaya na shanye, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya zazzage wani gwangwani cike da sukurori, ya zaɓi ɗaya, ya tura gidan faifan har ya ce ƙas, ya ɗaure. Ko minti biyu bai yi ba. Na ba shi haƙuri a kan maganganun shekaranjiya, ya ce ya saba, kowa da kwamfuta ta ɓata wa rai a kansa yake hucewa.

Ranar ba a kawo wuta ba. Washegari Asabar, saura kwana ɗaya, tun da na idar da sallar asuba na kunna makunnin ƙwan ɗakina na zauna ina kallonsa. Na share tsakar gida sau biyu. Na wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Na fita bakin layi na dawo. Da hantsi ƙwan ya kama. Na saka faifai, na ji ya ɗauki juyi, ɗan koren layin nan ya fara tafiya kamar hawainiya. Ban zauna ba. In je ƙofa, in dawo, in dubi ƙwai, in dubi layi, ina ta salati. Da ya kai inda ya tsaya ranar farko na rufe ido. Ya wuce. Ya cika. Na kwafa a filashi kuma, don ban ƙara yarda da kwamfutar nan ba, na kai wa Anti faifanta na ce ta duba babu ko ƙwarzane.

Na zaci zan yi murna, sai na ji wani sabon nauyi. In na ce, "Inna zo ki kalla," na san amsar, tukunya ce a wuta. In na nuna na gan ta, na tozarta ta, kuma ba za ta ƙara kusantar abin ba har abada.

Na naɗe wayar wuta na ɗauki kwamfutar na shiga ɗakinta. Tana zaune a bakin gado da carbi.

"Inna, soket ɗin ɗakina yana tartsatsi, bari in jona a nan. Zan je Farin Gada in sayo kayan miya saboda baƙin gobe. Aiki take yi, kada a taɓa, kada a rufe, in an rufe lalacewa za ta yi."

"Ku dai da kayan fitinarku," ta ce, tana kallon bango.

Na ɗora ta a kan kujera, na juya allon ya fuskanci gado, na ƙara sauti, na danna. Na fita, na ja ƙyauren zaure ya yi ƙara. Sannan na cire takalma na dawo da sanɗa na raɓe a jikin bangon ɗakinta. Na san laɓe ba kyau, Allah ya yafe mini, ƙafafuna ne suka ƙi tafiya.

Kiɗa ya tashi, guɗa ta biyo baya. Anti ta fito daga ɗakinta da zani a hannu, na ɗora yatsa a baki. Ta zo ta tsaya kusa da ni. Mun daɗe a tsaye, muna jin maroƙi, muna jin hayaniyar 'yan kasuwa abokan ango. Daga cikin ɗakin ko tari babu. Har na fara tunanin ko ta juya baya ne.

Sai kiɗan ya lafa, muka ji mai ɗaukar bidiyo yana cewa, "Ango, wa za ka gaisar?"

Dariyar Yaya ta cika ɗakin. Anti ta damƙe hannuna. Ranar da muka fara kallo, shewar mata ba ta bar kowa ya ji wannan wurin ba. Ya gaida mutanen Farin Gada, ya gaida surukansa, ya tsokane ni ya ce a gaida masifaffiyar gidanmu. Sai ya ƙara da cewa:

"Sai Inna. Na san dai ba kallo za ta yi ba. Amma ku gaya mata na gaishe ta, kuma na gode."

Kiɗa ya dawo. A ƙarƙashinsa muka ji muryar Inna, a shaƙe, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Ina kallo. Ga ni ina kallo, ɗan nan. Na amsa."

Anti ta toshe baki da zanin hannunta. Ni ma na ciji mayafina. Can muka ji ta fyace hanci, ta gyara murya.

"Ke. In kina nan bakin ƙofa, shigo ki mayar mini da shi baya."